Kwamfuta Ta Ce Ta Aika, Wayar Manomi Ba Ta Yi Ƙara Ba

Laccar da aka gabatar ga manoma, malaman makaranta da matasa a Wad Haddad



  

An nemi in yi bayani a kan yadda kwamfutar da ke ajiye a ofis za ta riƙa tura sanarwa zuwa wayoyin mutane da kanta, ba sai wani ya zauna yana latsawa ba. Zan yi bayanin, kuma tun yanzu in kwantar muku da hankali, haɗa abin ba shi da wuya. Ɗalibin sakandare mai natsuwa zai gama shi tsakanin azahar da la'asar. Inda nake so mu daɗe shi ne wurin da masu koyar da wannan fasaha a Turai da Amurka ba su cika tsayawa ba, don su ba a ɗauke musu wuta, shabakarsu kuma, wato netwok, ba ta yankewa. Mene ne makomar aiki idan kwamfuta ta ce ta aika, wayar manomi kuma ba ta yi ƙara ba?

Mu fara da abin da dattawa suka fi ni sani. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, noman Jazira bai taɓa tafiya ba sai da saƙo. Ruwa yana gangarowa daga Sinnar zuwa tur'a, wato babbar hanyar ruwa, daga tur'a zuwa ƙaramar hanyar da ake kira Abu Ishirin, daga nan zuwa hawasha, wato gonar manomi. Saƙo kuwa hawa yake yi. Mufattish, wato jami'in duba gonaki, ya duba nimrorin da ke hannunsa, kowace nimra rukunin gonaki ne mai faddan 90, ya ƙiyasta ruwan da ake bukata a mako, ya miƙa wa injiniyan ban ruwa, shi ma ya haɗa da na sauran ya miƙa gaba har ya kai ga masu riƙe da ƙofofin madatsar. Gafir, wato mai gadin da ke bakin ƙofa, ba ya buɗewa sai da umarni. Gonar Jazira da ta kai faddan miliyan 2 bayan ƙarin yankin Manakil, wadda ake juyawa daga Barakat, da takarda da wayar tarho aka riƙe ta shekara da shekaru. Duk wanda ya yi noma a nan ya san ranar da saƙo ya makara, ko dai alkama ta sha ƙishi, ko ruwa ya kwana a gonar da ba ta nema ba.

Ko batun kwamfuta ta aika wa manomi saƙo ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A lokacin sanyin 2014 zuwa 2015, Cibiyar Binciken Ruwa da ke Madani ta haɗa kai da wani kamfanin ƙasar Holan mai suna eLEAF suka yi gwaji da ƙaramin rukunin manoman Jazira. Tauraron ɗan'adam ya duba yanayin shuka daga sama, kwamfuta ta yi lissafi, sai gajeren saƙo ya shigo wayar manomi yana ba shi shawarar lokacin ban ruwa. Abin da muke magana a kai yau ƙanen wancan ne. Ba ma bukatar tauraro, tsohuwar kwamfutar magatakarda ta isa.

Abin da ake kira makiro jerin umarni ne da kake rubuta wa kwamfuta sau ɗaya, ita kuma ta riƙa maimaitawa duk lokacin da sharaɗin da ka gindaya ya cika. Wanda ke aiki da Excel yana da shi a hannu, don tun 1993 aka saka masa harshen rubuta irin waɗannan umarni. A Windows akwai AutoHotkey, kyauta ne tun fitowarsa a 2003, akwai kuma Power Automate da Microsoft ya sake wa masu Windows 10 kyauta a 2021. Masu Mac suna da Keyboard Maestro. Windows kuma tana da mai tsaron lokaci a cikinta, Task Scheduler, wanda za ka ce masa kullum ƙarfe shida na safe ya tashi makiro kaza.

A ce magatakardan ƙungiya yana da jadawali, sunan kowa, nimrarsa, da ranar da ya sha ruwa na ƙarshe. Makiro zai buɗe jadawalin da safe, ya ƙirga, ya ga waɗanda kwana 14 ya zagayo kansu, ya sanar da su. Ko a ce ɗakin shan magani yana da firijin allurar rigakafi, wanda bai kamata sanyinsa ya fita daga maki 2 zuwa 8 ba. Idan akwai ma'aunin da ke rubuta wa kwamfuta zafin firijin, makiro zai ta da ma'aikaci daga barci kafin allurai su lalace. Haka jaz, wato man injin ban ruwa, idan ya kusa ƙarewa a lissafi.

To ta ina saƙon yake bi? Kwamfutar ofis ba ta san inda wayarka take ba, kuma ba za ta taɓa sani ba. Abin da take yi shi ne ta miƙa saƙon ga sabar wani kamfani, shi kuma ya miƙa wa Google idan wayarka Android ce, ko Apple idan iPhone ce. Apple ya buɗe tasa hanyar a 2009, Google ya biyo baya a 2010, ya yi ta sauya mata suna har ta zama Firebase Cloud Messaging a 2016. Kowace waya tana riƙe da layi guda ɗaya a buɗe zuwa ga uwar gidanta, kuma ta wannan layi sanarwar kusan dukkan manhajoji ke shigowa. Kamar dai babbar tur'ar da ta taso daga Sinnar, ba kowace hawasha ke haƙa tata hanya zuwa kogi ba, hanya ɗaya ce take ɗauko ruwan kowa sannan a rarraba. Dalili batir ne. Da kowace manhaja za ta riƙe nata layin, da wayarka ba ta kai azahar. Saƙon da ke bi ta nan bai wuce kilobayit 4 ba, wato 'yan layuka ne.

Ku lura da abin da wannan ke nufi gare mu. Mutumin da ke zaune a kasuwa, yana hango ƙofar ofis da idonsa, saƙon da za a tura masa sai ya fita Sudan, galibi ta igiyoyin teku da suka sauka a Bur Sudan, ya je sabar da ke wata nahiya, sannan ya dawo. Ko'ina a wannan doguwar hanya aka sami tangarɗa, shi ke nan.

Hanyoyin aikawa suna da yawa, uku zan ambata. Mafi sauƙi ita ce ntfy, wadda wani mai suna Philipp Heckel ya fitar a 2021, kyauta. Ka zaɓi sunan tasha, mutane su sa manhajar a waya su shiga tashar, makiro kuma ya aika da layi ɗaya tak:

curl -d "Nimra 12, ruwa ranar Talata da safe" ntfy.sh/sunan-tasharku

Wannan curl ɗin yana cikin Windows 10 tun 2018, ba sai an sauko da komai ba. Ta biyu Telegram, wanda ya buɗe ƙofar mutum-mutumin saƙo a 2015. Za ka karɓi mabuɗi daga BotFather da ke cikin Telegram ɗin, makiro ya riƙa jefa saƙo a zauren ƙungiya, saƙon kuma ya zauna a can har ranar da waya ta sami shabaka. Ta uku Pushover, wadda ake saye sau ɗaya a kan kusan dala 5, kuma tana da wani abu da zan dawo kansa. Matsalarta a nan ita ce biyan kuɗin, don sai da katin da shagon Google ko na Apple zai karɓa. Na san tambayar da ke bakin matasa, WhatsApp fa, tunda shi kowa ke riƙe da shi? Kamfanin ya hana a sa na'ura ta riƙa aikawa ta lambar mutum, kuma yana rufe lambobin da ya kama. Hanyar da ya halatta ta 'yan kasuwa ce, ana biya. Ba na ba ƙungiya shawarar ta jefa lambar magatakarda a wannan haɗari.

Bayanin haɗawa ke nan, ya ƙare. Yanzu ga inda aikin yake.

Idan wayarka a kashe take ko ba shabaka, Google yana ajiye maka saƙon, kuma idan mai aikawa bai faɗi wa'adi ba, zai iya riƙe shi har kwana 28. Apple kuwa na ƙarshe kawai yake ajiyewa daga kowace manhaja, ya zubar da na baya. Sabar ntfy tana riƙe saƙo awa 12 idan ba a sauya tsarinta ba. Kowanne da halinsa, kuma kowane hali yana da irin ɓarnarsa. Ku ɗauka an tura "a buɗe Abu Ishirin yau" ranar Asabar, shabaka ta ɗauke, saƙon ya faɗo ranar Talata. Lokacin da aka rubuta shi gaskiya ne. Lokacin da aka karanta shi ya zama ƙarya, kuma ba wanda ya yi ƙaryar. Mutum ya tashi ya buɗe ruwa a ranar maƙwabcinsa, rigima ta kai gaban umda, wato mai gari. Don haka kalmomin "yau" da "gobe" da "yanzu" haramun ne a bakin makiro. A rubuta rana da kwanan wata da sa'a a cikin saƙon kansa, kada a dogara da ɗan lokacin da waya ke nunawa a gefe. Inda hanyar ta ba da damar sa wa'adi, a sa, saƙon ban ruwa ya mutu da kansa idan ya wuce awanninsa.

A nan in tsakuro wani abu da kan ba mutane mamaki. Ranar 1 ga Nuwamba 2017 Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya. Tsohuwar kwamfutar da ba a sabunta ta ba tun kafin lokacin tana iya kasancewa a kan tsohon lissafi, ta riƙa aika saƙon ƙarfe shida da ƙarfe biyar. Kafin ku zargi makiro, ku duba agogon.

Wayar ma tana da nata laifin. Tun Android 6 a 2015, wayar da aka ajiye ba a taɓa ba tana shiga gyangyaɗi don tattalin batir, ta jinkirta saƙonnin da ba a yi musu alamar gaggawa ba. Daga Android 13 a 2022, sai mai waya ya amince kafin manhaja ta nuna sanarwa, kuma da yawa sukan latsa "a'a" ba tare da sun karanta ba. Wayoyin da suka fi yawa a hannunmu, Tecno da Itel da Infinix, suna da tsarin tattalin batir da ke iya kashe manhajar da ke aiki a ɓoye, sai an shiga an cire mata takunkumi. Sababbin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba su da hidimar Google gaba ɗaya. Saboda haka kowace waya sai an gwada ta ita kaɗai, a ajiye ta awa biyu allonta a kashe, sannan a aika a gani.

Amma babbar matsalar ita ce shiru. Idan aka saba wa mutum cewa waya za ta yi ƙara idan firiji ya yi zafi, to rashin ƙara a wurinsa yana nufin lafiya lau. Alhali shirun yana iya nufin batirin sola ya sauka kwamfuta ta mutu, ko ta yi barci, ko kuɗin intanet ya ƙare, ko wani ya sauya wa jadawalin suna makiro ya neme shi ya rasa. Kafin a kawo na'ura, ma'aikaci yakan leƙa firijin da kansa. Bayan an kawo ta ya daina leƙawa. Idan ta mutu a ɓoye, an koma baya da inda aka fito. Wannan shi ya sa nake cewa tsarin da ba ya shelar cewa yana raye gara babu shi.

Maganin ba tsada. Kowace safiya bayan asuba, ko akwai labari ko babu, makiro ya tura wa mutum biyu layi ɗaya, kwamfuta tana aiki, rana kaza, sa'a kaza. A kuma yanke tun farko, a rubuta a littafin ƙungiya, cewa idan ƙarfe bakwai ta yi layin bai zo ba, wane ne zai taka zuwa ofis. Mutum guda da sunansa, ba "wani daga cikin kwamiti" ba, don aikin kowa da kowa ba mai yin sa. Akwai hidimomi a intanet irin su Healthchecks da ke jiran gaisuwar kwamfutarka, in ba ta zo ba su ne za su yi maka ƙara. Suna da amfani, sai dai su ma ta shabakar nan za su biyo.

Sai kuma amsa. "An aika" daban, "ya isa" daban, "an gani an tashi" kuma daban. Abin da na ce zan dawo kansa a Pushover shi ne tana da matakin gaggawa da ke maimaita ƙara, ko da duk daƙiƙa 30 ne, har sai mutum ya latsa cewa ya gani, ko wa'adin da bai wuce awa 3 ba ya cika. A Telegram ana iya liƙa wa saƙo maɓallin amsa. Wanda ba shi da ko ɗaya, miskol ya ishe shi, wanda ya ga saƙon ruwa ya yi wa magatakarda miskol, wanda ba a ji daga gare shi ba a aika masa yaro. Sai dai a yi hattara da matakin gaggawa. Idan taron kwamiti gaggawa ne, kuɗin taki gaggawa ne, gaisuwar Juma'a ma gaggawa ce, cikin mako biyu kowa zai rufe wa manhajar baki, ranar da tur'a ta ɓalle kuwa ba mai ji. Ni a ganina abu biyu ko uku ne kawai suka cancanci su ta da mutum daga barci, kuma ƙungiya ce za ta zauna ta zaɓe su, ba yaron da ya rubuta makiro ba.

Ga masu ƙananan wayoyi, kuma su ne da yawa a cikin iyayenmu, gajeren saƙo na layi shi ne hanya. Kwamfuta tana iya aika shi ba tare da intanet ba, ta modem mai ɗauke da layin Zain ko Sudani ko MTN. Da wannan dabara Ken Banks ya gina FrontlineSMS a 2005, akwai kuma Gammu, kyauta. Ku sani dai, saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160 ne idan baƙaƙen Turanci ne zalla. Da Larabci 70 ne. Da Hausar boko ma, harafi ɗaya mai lanƙwasa, ƙ ko ɗ ko ɓ, ya isa ya mayar da saƙon gaba ɗaya zuwa 70, a caje ku kuɗin saƙo biyu ko uku. Tunda yawancinmu a nan Larabci muka karanta a makaranta, da baƙaƙen Larabci za a rubuta, sai a koyi taƙaitawa. Wanda ba ya karatu kuma, Telegram yana iya tura masa muryar da aka naɗa tun farko.

Ba sai na tuna muku watan Fabrairun 2024 ba. Bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya iso Madani a Disambar wannan shekara, layukan nan uku suka ɗauke, ba intanet, ba kira, ba gajeren saƙo. Mutane suka koma biyan kuɗin awa a wurin masu intanet ɗin Starlink don su duba Bankak, manhajar banki ta waya. An taɓa rufe intanet sama da wata guda a 2019, aka sake rufewa bayan 25 ga Oktoba 2021. Wanda ya ga waɗannan da idonsa bai kamata ya gina tsarin da ba shi da ƙofar baya ba. Ana iya dasa ntfy a kan kwamfutar ofis kanta, wayoyin Android da ke cikin da'irar wayfay ɗin ofis su karɓi saƙo ko babu intanet, amma da'irar ba ta wuce 'yan gidaje ba. Abin da ya wuce nan, lasifikar masallaci ce da allon sanarwa a ƙofar ofis da yaro mai keke. A rubuta su a cikin tsarin tun ranar farko, kowa ya san idan waya ta yi shiru ina zai duba.

Akwai kuma abin da bai kamata a aika ba sam. Sanarwa tana fitowa a fuskar waya ko tana kulle, duk wanda ya karɓe ta a hanya zai karanta. Kada makiro ya rubuta buhu nawa ke sito, ko jarka nawa ta jaz ta iso, ko kuɗi nawa ke hannun ma'aji. Ya ce "a zo ofis", sauran a faɗa baki da baki. Kada kuma a ɗauka hanyar a rufe take. A Disambar 2023 wani sanatan Amurka, Ron Wyden, ya bayyana cewa gwamnatoci suna neman bayanan sanarwar waya daga Apple da Google. A ntfy, sunan tasha shi ne makullinta, wanda ya san shi zai karanta, zai kuma iya aikawa da sunanku. Tashar da aka kira "wadhaddad" an bar ta a buɗe ke nan. A haɗa suna mai tsawo na haruffa da lambobi barkatai. Kun san yadda 'yan damfara ke nuna wa mai shago shaidar tura kuɗi ta Bankak ta jabu su ɗauki kaya su tafi. Ranar da mutane suka yarda da saƙon ƙungiya, za a sami mai kwaikwayonsa. Sai a shelanta a gaban kowa cewa kwamfutar ƙungiya ba ta taɓa neman a tura kuɗi, duk saƙon da ya nema ba nata ba ne.

Jerin sunayen waɗanda za a aika wa, shi ne ya fi shafarmu mu Hausawan wannan yanki. Kakanninmu, waɗanda suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi a 1903 da waɗanda hanyar Makka ta ajiye a nan, da yawansu da ƙwadago da noman raba-daidai suka shiga gonakin Jazira, sunan da ke takardar hawasha na wani ne. Har yau akwai hawashar da mai ita yana Madani ko Khartum ko Saudiyya, wanda ke tsaye a cikin ruwa da fartanya kuwa ba ya cikin kowane littafi. Idan aka kwafe jerin daga rajistar masu hawasha aka ba makiro, saƙon ruwa zai yi ƙara a Riyad, mai ban ruwan bai ji ba. Mutanen kanabi, wato sansanonin 'yan ƙwadago, su ma haka, mata masu noman kayan miya a bakin kogi ma haka, da gidan da waya ɗaya ce kuma tana aljihun ɗan da ya tafi kasuwa. A bi nimra nimra a tambayi wanda ke buɗe ruwa da hannunsa, a rubuta lambarsa, a kuma sabunta jerin a farkon kowane lokacin shuka, don masu aiki suna sauyawa.

Ku kuma samari da za ku haɗa wannan aiki, na san a cikinku akwai wanda baɗi yana wurin haƙar zinariya ko ya haye Jidda. Kada mabuɗin Telegram da kalmar sirrin kwamfuta su tafi a kanku. A rubuta su a takarda, a ba mutum biyu daga dattawan ƙungiya su adana, tare da shafi ɗaya da ke bayyana abin da kowane makiro yake yi, ƙarfe nawa yake tashi, da yadda ake kashe shi idan ya rikice. Ku koya wa mutum na biyu, mace ko namiji, ku bar shi ya tafiyar da abin mako guda kuna gari kafin ku yi sallama.

Malam shugaban zama, Allah ya gafarta maka, a nan zan dakata a ba masu tambaya dama.